Sabon Dogo Ya Nufi Maraɗi: Ina Makomar Jirgin Nguru Da Tashar Gagarawa?

(Jawabin da aka gabatar a zaman magoya baya na ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel)

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Shugaban wannan zama, ranka ya daɗe. Iyayenmu dattawa, Allah ya ƙara girma. Iyayenmu mata, 'yan uwana matasa da kuka taso daga Maigatari, Gagarawa, Sule Tankarkar da nan cikin Lautai, da waɗanda za su karanta wannan magana daga baya a shafinmu na Facebook, ina yi wa kowa barka da zuwa.

An ce in yi magana a kan jirgin ƙasa. Na san wani zai ce a ransa, yau kuma me ya haɗa mu da jirgi, alhali ga tsadar taki, ga kuɗin mota, ga rikicin cikin gida da bai gama kwanciya ba? To, ku ba ni aron kunnuwanku kaɗan. Abu ɗaya na zo faɗa: sabon layin dogon da ake shimfiɗawa daga Kano zuwa Maraɗi zai taɓa tsohon layinmu na Kano zuwa Nguru, ko mun so ko mun ƙi. Ko dai ya tashe shi, ko kuma ya ƙarasa shi. Wanne zai faru a cikin biyun nan, ya danganta da abin da muka nema yanzu, tun aikin bai ƙare ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu fara da abin da ke ƙasa. A watan Fabrairun 2021 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, Allah ya jiƙansa, ya ƙaddamar da aikin layin Kano zuwa Maraɗi. Kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal aka ba, a kan kuɗi kusan dala biliyan 2. Babban layin kilomita 284 ne: ya tashi daga Kano, ya bi ta Dambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina, Jibiya, ya tsallaka iyaka ya dire a Maraɗi. Akwai kuma reshe na kilomita 93 daga Kano zuwa Dutse. A ɗaya gefen ana aikin layin Kaduna zuwa Kano, kilomita 203, wanda zai haɗe da na Abuja zuwa Kaduna da ke aiki tun 2016. In duka suka kammala, Kano za ta zama mararrabar sababbin layuka uku: na Abuja, na Maraɗi, na Dutse.

Yanzu ku ɗauko taswirar Jigawa a zuciyarku. Masarautu biyar gare mu. Sabon dogo ya taɓa biyu, Kazaure da Dutse. Muna taya su murna, wallahi babu hassada, arzikin ɗan'uwa namu ne. Amma saura ukun fa? Ringim, Gumel da Haɗeja, duk a kan tsohon dogo muke, wanda ya isa Nguru tun 1930. Shi ne ya bi ta Ringim, ya bi ta Taura, ya tsaya a Gagarawa, ya wuce Malam Madori da Birniwa ya shiga Yobe. Tashar Gagarawa ita ce ƙofar masarautar Gumel ta jirgin ƙasa. Ba mu da wata sai ita.

Nan ne inda mutane da yawa ba su gane matsalar ba. Ana zaton dogo dogo ne, in an gyara na can sai jirgi ya juyo nan. Ba haka ba ne, jama'a. Tsohon layin da Turawa suka bari, faɗin da ke tsakanin ƙarafansa biyu milimita 1,067 ne. Sabon kuwa milimita 1,435. Jirgin wannan ba ya hawa kan wancan, kamar yadda ba za ka sa wa yaro takalmin babansa ka ce ya yi gudu ba. Ma'ana, taragon da ya taso daga Gagarawa ba zai taɓa zarcewa Abuja ko Maraɗi ba. Dole a Kano fasinja ya sauka ya sake hawa, dole buhu ya sauka daga wannan tarago ya hau wancan. Duk makomar layinmu tana rataye a wannan wurin sauka da hawan.

Kuma kada a ce ina tsoratar da mutane da abin da bai taɓa faruwa ba. Ya faru, a nan Arewa. Akwai wani siririn layi da aka gina daga Zariya zuwa Jos saboda ɗaukar kuza, ya isa can a 1914. Ya fi namu na yanzu ma ƙanƙanta, faɗinsa milimita 762. A 1927 babban layi ya iso Jos ta Kafanchan. Daga ranar kaya suka koma kan babban, siririn ya yi ta jan ƙafa har aka rufe shi a 1957. Aka kwashe ƙarafan. Yau ka tambayi saurayin Zariya, zai ce maka bai taɓa jin jirgi ya tafi Jos kai tsaye daga garinsu ba. Ba wanda ya fito ya ce zai kashe wancan layi. Kawai an daina sa masa kuɗi ne, hankali ya koma kan sabo. To in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ai ka san abin yi.

Alamun ma sun riga sun bayyana. Shekaru da dama ke nan jirgin Nguru yau yana tafiya, gobe ya tsaya, jibi a ce an dawo da shi. Ɗan kasuwa ba ya ɗora dukiyarsa a kan abin da bai san ranar zuwansa ba. Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, wato NRC, wadda aka kafa tun 1955, ita ke riƙe da tsoho da sabo duka. Ku sa kanku a matsayin mai riƙe da lalitarta. Ga layin da manya ke hawa, kyamarori na kansa, tikitinsa na kawo kuɗi. Ga kuma layin talakawa da buhunan gero. In kuɗin gyara ya yi kaɗan, wa za a fara yankewa? Amsar ba ta buƙatar malamin duba.

Bari in zo kan abin da ya fi damuna, wato kasuwa. Kowa a nan ya san abin da ranar Alhamis take nufi a Maigatari. Raƙuma, shanu, awaki da tumaki daga ƙasar Damagaram da gaba da nan, dillalai, 'yan kamasho, 'yan dako, masu abinci, masu tireloli da ke lodin dabbobi zuwa Kudu. Gidaje nawa ne a ƙananan hukumomin nan huɗu tukunyarsu ke hawa murhu da cinikin ranar nan? Ga riɗi, ga zoɓo, ga ƙaro, kayan da ake fita da su ƙasashen waje. To ku lura da taswira. Bafataken Damagaram yana da hanya biyu ta shigowa Najeriya ta wannan shiyya: ko ya biyo ta Maigatari, ko ya bi ta Matamai ya faɗo Kwangwalam ya shiga Daura. Ranar da aka buɗe tashar sabon jirgi a Daura, wadda za ta kai kayansa Kano da Abuja cikin sauƙi, me zai hana shi juya akalarsa can? Ba don ya ƙi mu ba. Ɗan kasuwa inda sauƙi yake nan yake bi, kamar ruwa.

Mun riga mun ɗanɗana yadda abin yake in kaya suka daina bi ta ƙofarmu. An rufe iyakoki a Agustan 2019, ba a buɗe ba sai Disamban 2020, kuma Maigatari na cikin huɗun farko da aka buɗe, abin da ke nuna matsayinta. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, har zuwa Maris ɗin 2024. Waɗanda ke cin abinci a kasuwar nan ba su manta ba. Amma wancan rufewa ce ta takarda, takarda ɗaya ta buɗe ta. In hanyar fatauci ce ta sauya da kanta, babu sa hannun da zai dawo da ita.

Tarihinmu ma ya koya mana wannan darasi. Da jirgi ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya tashi, har aka kai ga dalar gyaɗa da ake ba mu labari. Da layi ya miƙe gabas, garuruwan da tasha ta faɗa musu irin su Malam Madori da Nguru suka cika da kamfanonin sayen gyaɗa da baƙi daga ko'ina. Inda jirgi ya tsaya, nan kasuwa ke tsayawa. Haka yake jiya, haka yake yau.

To, wannan fuska ɗaya ke nan. Akwai fuska ta biyu, kuma ita ce dalilin da ya sa ban zo nan don makoki ba. Sabon layi na iya zama alheri ga tsoho, in an haɗa su da dabara. Zan ba ku misalai uku.

Na farko Landan. Kafin 2022, jiragen da ke kwaso ma'aikata daga garuruwan gabas, irin su Shenfield, a tashar Liverpool Street suke ƙarewa. Na yamma, daga Reading, su tsaya a Paddington. Sai aka haƙa rami a ƙarƙashin birnin aka haɗa bakin biyun, aka buɗe shi a watan Mayun 2022 da sunan layin Elizabeth. Ba a rufe tsofaffin layukan karkara ba. An haɗiye su ne cikin sabon tsari, tikiti ɗaya, jadawali ɗaya, ƙananan tashoshin da a da ba a kula su suka wayi gari a kan babbar hanya. Su dai dogonsu duk faɗi ɗaya ne, shi ya sa jirgi ke zarcewa. Namu ba haka ba. Amma darasin na nan: tun a kan takarda aka tsara yadda tsoho zai shiga cikin sabo.

Na biyu Kenya, kuma shi ya fi kama da halinmu. A 2017 suka buɗe sabon layi mai faɗi daga Mombasa zuwa Nairobi, alhali tsohon layin Turawa na nan mai ƙaramin faɗi. Maimakon su yar da shi, sai suka maida sassansa jirgin jigilar mutanen kewayen birni, suka sa wani jirgi yana ɗaukar fasinja daga tsohuwar tashar tsakiyar Nairobi zuwa sabuwar tasha. Har reshen Nanyuki, da ya daɗe a mace, suka gyara suka dawo da shi a 2020. Da tsohuwar zuma ake magani.

Na uku nan gida, Legas. Jan Layinsu, daga Agbado zuwa Oyingbo, kilomita 27, an ƙaddamar da shi a Fabrairun 2024. Jirgin gwamnatin jiha ne, amma a kan dogon Gwamnatin Tarayya na Legas zuwa Ibadan yake tafiya, bisa yarjejeniya. Ku riƙe wannan da kyau. Jiha ba ta jira ta gina nata dogon daga farko ba. Ta sa jirginta a kan wanda ke akwai.

Kuma doka ta ba mu wannan dama. A watan Maris na 2023 aka sa hannu a gyaran tsarin mulki da ya cire harkar jirgin ƙasa daga jerin abubuwan da Tarayya kaɗai ke da iko a kai, ya sa ta cikin waɗanda jihohi ma ke da hannu. Saboda haka duk ɗan siyasar da ya ce muku, ai jirgi aikin Abuja ne, ba ruwan jiha, ku ce masa da ladabi: ranka ya daɗe, wannan karatun ya tsufa.

Na san abin da wasu 'yan uwanmu ke cewa, har da na ɗaya ɓangaren. Suna cewa, mu nemi a ja mana sabon dogo mai faɗi har Maigatari, mu daina maganar tsohon ƙarfe. Ni ma ina so, wa zai ƙi? Mu ci gaba da nema. Amma mu yi lissafi. Kusan dala biliyan 2 a kan kilomita 377, in ka raba, kowace kilomita ɗaya ta haura dala miliyan 5. Wanda ya tsaya a kan mumbari ya ce zai kawo muku wannan cikin zango ɗaya, ku tambaye shi daga wace lalita. Abin da nake tsoro shi ne, muna kallon na sama, na hannunmu ya suɓuce. Dogon Nguru yana nan a shimfiɗe. Filin da ya bi an riga an mallaka, ba diyyar gona, ba rushe gidan kowa. Gyara ya fi gini araha, kowane magini ya san haka.

Saboda haka ga abubuwa biyar da nake ba da shawara mu riƙe, mu maimaita su a ko'ina har a gaji da mu.

Na ɗaya, mahaɗa a Kano. Duk inda aka kafa babbar tashar sabon layi, jirgin Nguru ya kai bakinta, ko a sa jirgi ko motocin da za su haɗa ta da tsohuwar tasha a kan tikiti ɗaya. Wanda ya taɓa hawa jirgin Abuja ya san wahalar isa Rigasa a Kaduna ko Idu a Abuja. Kada tsohuwa ta taso daga Gagarawa da jikanta mara lafiya, ta sauka a Kano, sannan ta biya A Daidaita Sahu kuɗin da ya fi na jirgin kafin ta kai ɗaya tashar.

Na biyu, wurin sauya kaya. Akwai tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki, wadda aka ƙaddamar a Janairun 2023. Muna so a tsara yadda buhun riɗin da aka ɗora a Gagarawa zai kai can, ya shiga kwantena, ba tare da ya kwana uku a ƙasa ruwa na dukansa ba.

Na uku, jadawali tsayayye. Ko da jirgi ɗaya ne a rana, ya tashi Nguru da asuba, ya isa Kano kafin jirgin Abuja da na Maraɗi su tashi, ya juyo da yamma. A ƙara taragun kaya da na dabbobi a ranakun da suka dace da kasuwar Maigatari ta Alhamis da ta Gujungu ta Lahadi. Jirgin da ba ya saɓa alƙawari ya fi jirgi mai sanyi da kujerun alfarma wanda ba a san ranarsa ba.

Na huɗu, gyaran hanyar jirgin da tsaronta. Layin ya ratsa ƙasar Ringim da Taura, inda ambaliya ta saba ɓarna, kamar yadda muka gani a 2022. Kwalbatoci da gadoji na son aiki. Sannan ga masu satar ƙarafan dogo suna sayarwa 'yan gwangwan. Wannan kam ba sai Abuja ba. Masu unguwanni, dagatai da 'yan sintiri na garuruwan da layin ya bi za su iya tsare shi, in an sa su a ciki an ba su haƙƙinsu.

Na biyar, jihohi uku su zauna. Kano, Jigawa da Yobe duk layin ya ratsa. Su yi yarjejeniya da NRC irin ta Legas, su haɗa kuɗi su sayi kan jirgi da taragu. Mu kuma a nan, a gyara tashar Gagarawa, a yi mata rumbun ajiya da wurin lodin dabbobi, a kula da titin da ya haɗa ta da Gumel, Maigatari da Sule Tankarkar. In aka yi haka, yankin ciniki maras haraji na Maigatari, da aka daɗe ana jiran ya tsaya da ƙafarsa, zai sami abin da ya rasa, wato hanya mai araha ta fitar da kaya.

'Yan uwana direbobi, na ga fuskokinku. Kuna cewa jirgi zai ƙwace mana abinci. Ku duba da kyau. Jirgi ba ya zuwa ƙofar gida, ba ya shiga ƙauye. Duk fasinjan da ya sauka Gagarawa, ku ne za ku kai shi Gumel, ku kai shi Sule Tankarkar. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, ku da kanku kun san sau nawa kuke yini a tasha mota ba ta cika ba, saboda mutane sun rage tafiya. Gajeriyar jigila mai yawa ta fi doguwa da ba fasinja.

Akwai kuma maganar rai. A watan Oktoban 2024, tankar mai da ta taso daga Kano za ta Nguru ta faɗi a Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura, wuta ta tashi, sama da mutum 150 suka rasu. Allah ya jiƙansu, ya ba iyalansu haƙuri. Ajali ba ya wuce lokacinsa, mun yi imani. Amma an umarce mu da ɗaukar mataki. Kano zuwa Nguru, hanyar da dogo ke kwance a kanta tun 1930. Duk kaya mai nauyi da ya koma kan dogo, babbar mota ɗaya ce ta ragu a titin da 'ya'yanmu ke tsallakawa.

Daga ƙarshe, mene ne aikinmu mu magoya baya? Mun iya faɗa a Facebook, wannan kam ba mai ja da mu. Kwana uku za mu yi muna musayar magana a kan wanda aka gaisar da wanda ba a gaisar ba a wurin ɗaurin aure. Ina roƙonku, kashi ɗaya cikin goma na wannan ƙarfin mu juyo da shi nan. Gumel, Maigatari, Sule Tankarkar da Gagarawa kujera ɗaya muke da ita a Majalisar Wakilai. Muna da 'yan majalisar jiha, muna da shugabannin ƙananan hukumomi da kansiloli. Duk wanda ya zo neman ƙuri'a, namu ne ko na wani, a yi masa tambaya uku: Ina matsayinka a kan jirgin Nguru? Wace takarda ka rubuta, ga wa? Nawa aka sa a kasafin kuɗi? Ba zagi, ba cin mutunci, ba ƙage. Wanda ya ba da amsa mu yaba masa a fili, ko ba ɗan ɓangarenmu ba ne. Wanda ya yi shiru mu sake tambaya.

Matasan Gagarawa, ku kuke kusa. Ku je tashar ku ɗauki hotunan halin da take ciki, ku sa ranar da kuka ɗauka, ku turo wa masu kula da shafi. Iyayenmu da suka yi aikin reluwe ko suka yi fataucin gyaɗa a jirgi, a zauna da su a naɗi bayaninsu. 'Yan kasuwar Maigatari, ku rubuta mana abin da kuke biya a kan tirela ɗaya zuwa Kano da zuwa Kudu, don in mun je gaban hukuma mu je da lissafi a hannu, ba da surutu ba. Sannan mu tuntuɓi 'yan uwanmu na Ringim, Haɗeja da Nguru, domin murya huɗu ta fi ɗaya kaiwa nesa.

Sabon dogo alheri ne ga Arewa, muna addu'ar Allah ya sa a gama lafiya. Roƙonmu kawai, ranar da za a yanke kyallen buɗe shi, a ce jirgin Nguru ma yana tsaye a gefe da fasinjojinsa.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ja zamanin Mai Martaba Sarki, ya haɗa kanmu a kan gaskiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.